Sukuwa Ta Kowa Ce, Zamiya Sai Gwani

Duk yaron da ya tashi a gidan da ake ɗaure doki zai iya sukuwa. Ka ɗora shi a sirdi, ka ce ya saki linzami ya taɓa kaimi, sauran aikin na dabbar ne. Inda ake bambance mahayi da wanda doki ya ɗauko kawai shi ne ƙarshen fage. Sarki na zaune da fadawansa, jama'a sun yi cincirindo hagu da dama, ga ingarma ya miƙo a guje zai bi ta kansu, har na gaba-gaba sun fara ja da baya, sai ka ga kuturinsa ya nutse, ƙura ta turnuƙe, ya tsaya cak. Mahayin ya ɗaga mashi ya yi jinjina, rawaninsa bai ko karkace ba. Wannan ita ce zamiya. A ganina, cikin duk abin da ake yi a bayan doki babu wanda ya kai ta wuya, babu kuma wanda 'yan kallo suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Bahaushe ya san ta tun daga hawan Salla a Kano da Katsina da Zazzau, da Sallar Gani a Daura. Amma wanda bai leƙa ƙasar Bargu ba, a arewacin Jamhuriyar Benin, da sauransa a kallon zamiya. A Paraku da Nikki da Jugu har yau akwai gidajen da turken doki ya fi garejin mota daraja, kuma mahayansu suna da wani salo na tsayar da doki a ƙurarren wuri, dab da hancin mutane, da ke sa baƙo ya dafe ƙirji.

Garuruwan nan ba baƙi ba ne ga Hausawa. Tsohuwar hanyar goro, wadda ta tashi daga Kano da Sakkwato ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja, ta Bargu ta ratsa. Ayarin fatake kan yada zango a Nikki ko Paraku, sannan Jugu, wadda ke kimanin kilomita 135 arewa maso yamma da Paraku, inda unguwar Wangara ta 'yan kasuwa Musulmi ke maƙwabtaka da Kilir, mazaunin sarauta. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun bi hanyar nan da jakuna da takarkari, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, suna komowa da goro. Cikin hajar da ke gangarawa kudu har da dawaki da kayan doki. Dalili kuwa, Bargu na bakin iyakar ƙasar da doki ke iya rayuwa. Da ka ƙara yin kudu, tsando ya yi yawa, sammore ta kama dabba ta rame ta mutu. Saboda haka manyan dawakin hawa daga arewa ake sayo su, da tsada, kuma ba sa daɗewa kamar yadda suke yi a Damagaram ko Borno. Abin da aka sha wuya aka samu ba a hawansa da wasa. Wasangari, wato gidajen sarauta da mayaƙan Bargu masu danganta asalinsu da Kisra, a kan doki suka gina martabarsu.

Zamiya kuwa a fagen fama aka haife ta, ba a filin biki ba. Barde mai mashin jifa aikinsa shi ne ya taso a guje, ya kusanci abokan gaba gwargwadon inda mashinsa zai kai, ya jefa, ya juya kafin 'yan baka su saita shi. Dokin da ba ya tsayuwa inda aka ce ya tsaya, kai ubangidansa zai yi tsakiyar masu. Dawakin Bargu sun ga irin wannan rana da yawa. A shekarun 1830 sarkin Nikki ya kai wa Alafin Oluewu na Oyo gudunmawa a yaƙin Ilori, su biyun duka can suka kwanta dama. A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi rige-rigen isa Nikki da takardar yarjejeniya, a 1898 kuma Ingila da Faransa suka raba Bargu biyu, Busa da Kayama suka faɗa Najeriya, Nikki da Paraku suka faɗa Dahome, wato Benin ta yau. Da Faransawa suka matsa da aikin tilas da kamen soja, wani jarumin Bargu, Bio Gera, ya ɗaga musu takobi, har aka kashe shi a watan Disamba na 1916. Mutum-mutuminsa da aka ƙaddamar a Kwatano a 2022, a shataletalen filin jirgin sama, a kan doki yake, dokin ya yi tabarya.

Yaƙi ya wuce, gwanintar ta koma Gani. A watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi, Nikki kan cika ta batse. Sinaboko, sarkin Nikki, kan hau ya zaga wuraren kakanni ya komo fada, ana busa kakaki ana kaɗa tambura, sarakuna da 'ya'yan sarauta daga Paraku da Kandi da Kuwande da ɓangaren Najeriya suna zuwa caffa. Jugu ma tana yin tata Ganin, haka Paraku, garin sarki Akpaki. A tsallaken iyakar Togo, mutanen Sokode na da irin wannan hawa. A duk waɗannan wurare, da rana ta yi sanyi aka buɗe fage, abin da jama'a ke jira ke nan: a taso, a zame.

To, me ke faruwa a cikin wannan ƙiftawar ido?

Mai kallo daga nesa gani yake mahayi ya fizgi linzami da ƙarfin tsiya, doki ya ji zafi ya tsaya. Da haka ne, da kowane ƙato ya zama gwani. Dokin da ke tsaye kurum, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, don kai da wuya can suka rinjaya. In yana sukuwa, gudun da kan kai kilomita 40 zuwa 50 a awa, nauyin kan ƙara zubowa gaba. Ga doki mai kilo 300 da ɗoriya, ga mahayi, ga sirdi da kayan ado. Kuma lissafin gudu ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka kashe kafin a tsaya ya ninku sau huɗu. Idan duk wannan ya sauka a ƙafafun gaba, abu biyu ne, ko dai doki ya dinga tokare ƙasa yana tsalle-tsalle, mahayi na dukan kwacciyar gaba da mara, ko kuma ya ci tuntuɓe su kife tare. Duk wadda ta taɓa ɗaukar kwatarniya cike da ruwa a ka, aka sha gabanta ta tsaya farat ɗaya, ta san inda ruwan ke nufa.

Aikin gwani shi ne ya mai da nauyin baya kafin a tsaya. A kowane taku na sukuwa akwai lokacin da ƙafafun baya suka bar ƙasa suna tahowa gaba, ƙarƙashin ciki. Wannan lokacin mahayi ke farauta, kuma ba da ido yake ganinsa ba, a mazauninsa yake jinsa. Da ya zo, sai ya zauna daram a sirdi, ya saki ƙugunsa, ya ɗan tura likkafa gaba, ya matse da ƙafa, sannan hannu ya rufe ƙofa. Hannu ne na ƙarshe, ba na farko ba. Dokin da ya fahimci maganar sai ya lanƙwasa gadon baya, ya cusa ƙafafun bayan can ƙarƙashinsa, ya kafe su, kuturi ya yi ƙasa har wutsiya ta share turɓaya. Kofatan baya na jan layi biyu a ƙasa, na gaba kuwa ba a kafe suke ba, suna ci gaba da ɗan takawa a sake har gudun ya mutu. In mahayi ya makara da rabin taku, ƙafafun baya sun riga sun sauka a bayansa, sai tsayuwar ta faɗa gaba. In ya yi gaggawa, doki ya ɗaga kai sama ya buɗe baki, bayansa ya lotsa, zamiyar ta watse.

Bayan an tashi, je ka duba sawun. Zamiya mai kyau layi biyu take bari, miƙaƙƙu, kusa da juna, tsawonsu ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko suka baje kamar bakin almakashi, to dokin ya karkace, ko mahayin ya zauna a gefe guda. In ramuka ka gani a jere maimakon layi, da ƙafar gaba aka tsaya. Tsofaffin mahaya ba sa gardama a kan wa ya fi, ƙasa suke nunawa.

Wani abin mamaki, masu tuƙa ƙaramin jirgin ruwa mai tunkuɗa ruwa, a can wata uwa duniya, sun iso ga wannan ilimi ta tasu hanyar. Bill Hamilton, wani manomi mai kiwon tumaki a Niyuzilan, shi ya daidaita irin jirgin a 1954, don kogunan ƙasarsu ba su da zurfi, duwatsu na karya farfela. Jirginsa ba shi da farfela a waje. Famfo ne a ciki ke zuƙo ruwa ta ƙasan jirgi ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya, inda bakin bututun ya juya can jirgi ke bi. A 1960 irin waɗannan jirage suka haura kogin Kolorado a Amurka, suna gaba da igiyar ruwa ta cikin wani babban kwazazzabo. Yau a kogin Shotover na Niyuzilan ana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a guje cikin ruwan da bai wuce santimita 10 ba, direba ya murɗa sitiyari jirgi ya wulwula a wuri ɗaya ya tsaya cikin feshi. Jirgin ba shi da birki irin na mota. In ana son tsayuwar gaggawa, wani ƙoƙon ƙarfe ake saukewa a bakin bututun, ya mai da feshin gaba ta ƙarƙashin jirgi, direba kuma ya ƙara wuta. Hancin jirgi ya nutse, ruwa ya watso, a tsaya cikin 'yar tazara. Sabon direba in ya tsorata sakin totur yake yi, nan take kuwa sitiyari ya zama hoto, domin in babu feshi babu juyawa. Haka sabon mahayi: da ya ga taro ya matso, sai ya saki ƙafa ya rataya a linzami. Gwani kuwa a daidai lokacin yake ƙara tura dokin cikin tsayuwar. Ƙarfin da ya kawo gudun, shi ake juyawa ya kashe gudun.

Sai maganar linzami, wadda ba a cika son yi ba. Ɗauki linzamin gargajiya irin wanda maƙera ke ƙerawa daga Kano har Jugu, ka juya shi a hannu. Ƙarfe ne mai nauyi. A tsakiyarsa akwai wani harshe da ke kwanciya a kan harshen doki, ga kuma zobe da ake zura haɓar dokin a ciki, ya kewaye muƙamuƙin ƙasa. Yana zama ne a giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da matauna, inda babu komai sai dasashi a kan ƙashi. Da an ja, harshen ƙarfen ya miƙe ya tokari ganɗa, zoben ya matse haɓa, ƙarfin yatsa biyu ya zama na hannu goma. An yi shi ne don mayaƙin da hannunsa ɗaya ke riƙe da mashi da garkuwa, wanda ba shi da sukunin lallashi. A hannun gwani kusan ado ne: igiyar na lilo, ɗan motsin yatsa ya isa, dokin ma tun kafin ƙarfen ya taɓa shi ya ji zaman ubangidansa ya sauya. A hannun ɗan koyo kuwa wuƙa ce. Kumfar bakin doki in ta fito fara, lafiya lau. In ta fito da ja-ja, ko da an yi tafi an yi guɗa, ni dai ban kira wannan zamiya ba.

Sirdin ma da nasa aikin. Sirdin ƙasashen nan mai kwacciya biyu ne, gaba da baya, dogaye, mahayi na zaune a tsakani kamar an dasa shi. Likkafar mai faɗi ce, tafin ƙafa duka na samun wurin tokarawa. Amma duk wannan a kan majayi ya dogara. Majayin da ya yi sako-sako, ko wanda fatarsa ta bushe ta tsattsage, shi ne ke tura sirdi wuyan doki a tsakiyar zamiya. Shi ya sa za ka ga dattijon mahayi, bayan yaransa sun gama ɗaura sirdi da jalala da dukkan tarkacen ado, ya zo da kansa ya zura yatsu ƙarƙashin majayi, ya sa a ɗan zaga da dokin, ya sake ja. Doki kan kumbura ciki in ana ɗaure shi, ya saki daga baya. Wanda bai san wannan ba, a gaban sarki zai koya.

Horon kuwa ba a fage ake yinsa ba, a kilisar safe da yamma ne, a bayan gari, inda babu mai tafi. Ana farawa da tafiya: a tsaya, a ja da baya taku biyu, a saki. Ja da bayan nan shi ne sirrin, don shi ke koya wa doki tattara ƙafafun baya ƙarƙashinsa. In ya iya a tafiya, a koma sassarfa, sannan ƙaramar sukuwa. Ladan doki a nan ba wani abu ba ne illa sakin linzami a daidai lokacin da ya yi abin da aka nema, a bar shi ya tsaya ya huta ya yi ajiyar zuciya. Doki mai wayo har yakan fara ɗokin tsayawa, sai ya riƙa rage gudu tun ba a ce ba, musamman in kullum a wuri ɗaya ake zame shi. Maganinsa a riƙa sauya wuri, wani lokaci ma a wuce ba a tsaya ba. Yaron gida da ake koya wa hawa, abin da zai fi ji daga bakin babansa ko kawunsa bai wuce magana biyu ba: “Zauna, yaro! Sassauta hannu!” Zai ji su har ya gaji, shekara da shekaru, kafin wata rana jikinsa ya gane.

Kuma ba a yawaita zamiyar. Kowace zamiya bashi ce a kan gwiwoyin baya da jijiyoyin ƙafa. Mai doki na gaske yakan yi ƙwauron ta, ya adana wa ranar taro, sauran kwanaki harawa da dusa da gero da ɗan jiƙon kanwa, da wanka da tausa.

Sauran wasannin da ake gani a Gani duk 'ya'yan zamiya ne. Tabarya, inda doki ke miƙewa a ƙafafun baya, da juyawa a wuri ɗaya a kan kuturi, da rawar da doki ke yi yana bin kiɗa, duka suna bukatar dokin da ya iya ɗaukar nauyinsa a baya. Wanda ya fi burge ni shi ne tasowar mutum uku ko huɗu a jere, gwiwa na gugar gwiwa, su zame a layi ɗaya. Nan kowa dole ya ji takun dokinsa, ya kuma ji na maƙwabcinsa. Mahayan Maroko na yin irin wannan a wasansu na Taburida, su taso a sahu su tsaya su harba bindigogi a tare, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2021, kamar yadda ta sa hawan Sallar Kano a 2024. Makiyayan Amurka ma sun mai da zamiya gasa mai alƙalai, har da takalmin ƙarfe mai santsi da suke buga wa kofatan baya, a fili mai yashi da aka baje musamman. Mahayin Bargu ba shi da wannan gata. Dokinsa galibi ba takalmi, filinsa kuwa duk inda taro ya kama.

Nan ne damuwata take. Paraku ta girma ƙwarai tun da layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso ta a 1936, ta zama mashigar kayan Nijar da cibiyar auduga. Filayen da ake kilisa sun zama gidaje, hanyoyin ƙasa sun zama kwalta da daɓen siminti. Kofato ba ya kama kwalta, sulɓewa yake yi ta gefe, tsakuwar marmara kuma yankan dunduniya take. Ga shi Gani na bin watan sama, tana ja baya da kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 Mauludi a watan Satumba ya faɗo, tsakiyar damina a Bargu, lokacin da jar ƙasa ke zama santsi a sama, tauri a ƙasa. Gwani kan fara taka fagen a hankali kafin ya taso, in bai gamsu ba ya rage gudu, ko da za a ce ya ji tsoro. Matashin da ya ari doki don a ɗauke shi a waya ba ya yin haka, kuma sau da yawa dokin ne ke biya.

Masu shirya Gani a Paraku da Jugu suna kashe kuɗi a rumfuna da lasifika da masaukin baƙi. Tifa kaɗan ta yashi a ƙarshen fage, da igiyar da za ta hana yara kutsawa gaban dawaki, ba za su kai kuɗin rumfa ɗaya ba. Kai kuma mai karatu, in Allah Ya kai ka Gani, kada ka tsaya a gaba inda ƙura za ta rufe maka ido. Nemi gefe, daidai inda ake zamewa, ka bar kallon rawani da alkyabba, ka zuba ido a ƙafafun baya da hannun mahayi. Wanda dokinsa ya zauna, hannunsa bai motsa ba, bakin dokin kuma ba jini, shi za ka yi wa tafi.